Haƙarƙarin Tsinke

Keken pragya na huɗu ne ya yarda ya tsaya. Ukun farko, da direbobinsu suka hango abin da ke tsaye kusa da Rakiatu a bakin titin Alabar, sai suka murɗa wuta suka wuce kamar ba su ga hannunta ba.

"Ticha, wannan kare ne ko barewa?" in ji direban, yana leƙo kai daga cikin keken nasa mai ƙafa uku.

"Kare ne. Ba ya cizo, ba ya haushi. Asibitin dabbobi za ka kai mu."

"Ba cizo, ba haushi. To wane aiki yake yi?"

"Ya yi ritaya," in ji mahaifinta, Baba Brimah, yana kama ƙarfen keken zai shiga. "Ni ma haka. Ja mu je."

Direban ya yi dariya har hularsa ta karkace. Karen ya hau a hankali, ya naɗe dogayen ƙafafunsa kamar kujerar haya ta gidan biki, ya ɗora haɓarsa a kan gwiwar tsohon ya lumshe ido.

Tsayinsa ya kai ƙugun Rakiatu. Baƙi ne mai farin ƙirji, kansa siriri, cikinsa a ɗame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga tsallaken titi. Shi ya sa mutanen unguwa suka raɗa masa Tsinke, sunan kuma ya bi shi har ya manta wanda Turawa suka sa masa.

Baba Brimah ya yi shekara goma sha tara yana tuƙa wata Baturiya likitar ido, 'yar ƙasar Ayalan. A can ƙasarsu irin waɗannan karnuka tsere ake sa su, mutane na caca a kansu. In kare ya kai shekara huɗu ko biyar gudunsa ya ragu, sai masu shi su gama da shi, sai dai in an sami mai tausayi ya ɗauke shi ya kai gida. Madam ta ɗauko Tsinke a wani hutu da ta je, ta zo da shi Kumasi. Har yanzu lambar tserensa tana nan cikin kunnensa, an zana ta da shuɗiyar tawada. Wata huɗu da suka wuce ciwo ya kwantar da Madam, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita. Karen ya tsufa, ba zai iya doguwar tafiyar jirgi ba. Sai ta aika aka kira tsohon direbanta, ta bar masa shi.

Shi kuwa Baba, a lokacin ya riga ya ajiye tuƙi. Hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu, ya yi wata takwas a kan kujera ɗaya, fuska ga bango, rediyo na magana ba ya ji. Likita ya ce ya riƙa tafiya. Rakiatu ta roƙa, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta zana masa hoton jijiya a takarda kamar yadda take yi wa ɗalibanta na kimiyya a ƙaramar sakandare. Ko gezau. Sai ga kare ya zo, wanda dole a fita da shi kafin rana ta yi zafi, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe igiyarsa sai wanda ya sani. Makon farko bakin lungu suka kai. Yanzu har gefen kasuwar Kejetia suke zuwa su dawo, sandar Baba kuma tana jingine a bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta.

Wannan shi ne karen da za a yi taro a kansa yau bayan la'asar.

Gidan da suke haya gida ne mai ɗaki goma sha ɗaya, na Hajiya Lariya. Ranar da aka kawo Tsinke, Malam Awudu, limamin ƙaramin masallacin lungu, wanda shi ma a gidan yake, ya ce kare uku aka yarje wa Musulmi ya ajiye: na gadi, na farauta, na kiwo. Rakiatu ta ce na gadi ne. Aka bar shi. Makon jiya ɓarawo ya hauro katanga ya ɗauki tukunyar gas da butoci biyu, ya tsallake Tsinke a baranda, Tsinke bai ko ɗaga kunne ba. Washegari Malam ya kai magana gaban Hajiya.

Kwatar bayan gidan ta toshe tun bara. Sauronta ya kai yara uku asibiti. Wayar wuta na reto a kan famfo, kowa na sunkuyawa ya wuce yana cewa Allah ya kiyaye. Ba wanda ya taɓa kiran taro a kan waɗannan. Amma tsohon kare da ke barci awa goma sha takwas a rana, shi an sa masa lokaci da shimfiɗar tabarma. Rakiatu ta kwana biyar tana shiri. Ta bugo shafi goma sha biyu na maganganun malamai, ta ja layi da jan biro, ta yi niyyar yau sai ta tsayar da Malam Awudu a gaban kowa.

Sai kuma jiya karen ya fara amai.

Dakta Sulemana, likitan dabbobin, mutumin Walewale ne. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Ya ɗora Tsinke a kan sikeli, ya duba katin da Madam ta bari, ya sake duba sikelin.

"Ticha, me ka ba shi? Ya ƙara kilo huɗu."

"Ba zai yiwu ba. Da gwangwani nake auna masa. Farar shinkafa da kaza, wani lokaci kifi."

"Sikeli ba ya siyasa."

Ya ɗaga leɓen karen ya duba dasashi, ya danna ciki, ya leƙa ido. Rakiatu ta miƙa masa ƙullin leda. Aman safe ne ta ɗebo, domin ita ba ta zuwa wajen likita da labari kawai. Dakta ya kwance, ya tona da tsinke, ya kai hanci, ya ja baya da sauri.

"Ei! Wannan yaji ne paa. Ga mai, ga albasa da yawa. Albasa guba ne ga kare, Ticha. Yana cin jini kaɗan kaɗan. Ka ga dasashinsa ya fara fari?"

"Guba," in ji Rakiatu.

"Bai yi nisa ba. Zan yi masa allura, ga ƙwaya na kwana biyar. Zai warke. Amma ka nemo wanda ke ba shi, ya daina. Kuma kilo huɗun nan ya sauka. Irin wannan kare haka Allah ya yi shi, dole a ga haƙarƙari. In ya yi ƙiba, ƙafa ya lalace, zuciya ya gaji."

Ya zauna ya rubuta abin da za a ba shi da abin da ba za a ba shi ba. Rakiatu ta karɓi takardar ba ta duba ba. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnenta ta rufe ƙofa.

A hanyar dawowa, cunkoson Kejetia ya riƙe su. Masu dako na ratsawa da kwanduna a ka, kwandastocin motocin trotro na kiran fasinjojin Asokore Mampong kamar ana rabon gado. Baba Brimah ya dubi 'yarsa ta gefen ido.

"Rakiya, kada ki shiga gida da wannan fuskar."

"Wace fuska, Baba?"

"Ta uwarki, ranar da aka ce mata kifinta na jiya ne. Ki sha ruwa tukuna. Ki yi salla. Mutumin nan ya ce ƙiba karen ya yi, kin ji wannan kuwa?"

"Na ji abin da na ji."

Rana ta take tsaka lokacin da suka shiga. Tsakar gida cike take da mata. Basiratu, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta dawo daga kasuwar safe tana wanke manyan tukwanenta a bakin famfo. Matar tela na shanya. Hajiya Lariya na zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne tana tsinke ganyen ayoyo a faranti. Rakiatu ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga takardar likita sama.

"Wadda ke sa wa karen nan guba, ta sani an gano."

Ruwan famfo kaɗai ake ji.

"La'asar ɗin ma ba za ku iya jira ba? In ba ku son shi ku faɗa a gaban mutane, ba ku bi ta bayan gida ku kashe dabbar da ba ta taɓa yi muku komai ba. Kwata na kashe 'ya'yanku kun yi shiru, kare ne ya tsone muku ido! Wannan shi ne Musuluncin?"

"Rakiya," in ji Baba daga bakin zaure.

Hajiya Lariya ta ajiye ganyen da ke hannunta. "Wace irin guba?"

"Albasa. Yaji. Mai. Likita ya gani da idonsa."

Soson ƙarfen da ke hannun Basiratu ya faɗa cikin tukunya. Ta miƙe tana share hannu a zani.

"Tsaya, tsaya. Shitona ne guba? Miyar yajin da na gada wajen uwata? Shekara goma sha ɗaya ina sayar da waakye, ma'aikatan banki na layi da taye a wuya, ba wanda ya taɓa riƙe ciki. Yau ke, don kin je jami'a, za ki kira shi guba?"

Rakiatu ta sauke hannu. "Anti Basira, ke kike ba shi?"

"Ni nake ba shi! Kullum in na dawo, ƙasan tukunya nasa ne, da ƙwai in ya ragu. Shekaranjiya da aka yi suna a gidan ƙanwata har naman miya na kawo masa cike da kwano. Kin san abin da ake faɗa min a kasuwa? 'Basira, ashe a gidanku ne ake horar da kare da yunwa? Ke mai abinci guda?' In sa fuskata a ina?"

"Ni ƙosai ne kawai," in ji matar tela daga bayan zanin da take shanyawa. "Biyu. Wani lokaci uku. In ya dube ka da idon nan."

Rakiatu ta ji tsakar gidan ta yi mata faɗi. Ta juya wajen Hajiya, don ko ita za ta tsawatar. Hajiya ba ta dube ta ba. Farantin ayoyo take kallo.

"Tuwo da miya," in ji ta a hankali. "Kullum bayan azahar, in kina makaranta, ubanki ya yi barci. Ba na son kare. Ban taɓa taɓa shi ba, da sanda nake tura masa kwanon. Amma tun da mijina ya gina gidan nan, ba a taɓa tsayawa a titi an ƙirga haƙarƙarin wanda ke kwana a cikinsa ba. Ko mutum, ko akuya. Na ɗauka albashinki ne bai kai ba, kina jin kunyar faɗa. Na ce bari in rufa miki asiri."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta.

"Ni na karɓi haihuwarki a ɗakin can. Ni na yi wa uwarki wanka ranar da ta rasu. Yau na zama mai sa guba. To, ba sai an jira taro ba. Karen ya bar gidan nan kafin magariba, kada ya mutu a ce Lariya ce."

Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Tsinke, wanda ake wannan duka a kansa, ya riga ya haye tsohuwar katifarsa a baranda ya miƙe ƙafafu huɗu sama yana barci.

Rakiatu ta sami mahaifinta a ɗaki. Ya jawo kujerar nan ya zauna, fuska ga bango. Wata huɗu ke nan ba ta gan shi a haka ba.

"Baba, zan je in ba ta haƙuri yanzu."

"Da wane bakin? Wanda ya yi ɓarnar?"

Ta sani, ta dai manta ne, kamar yadda take manta duk abin da ba a rubuta a littafi ba. A zango, kamar a wajen Asante maƙwabtansu, yaro ba ya zagin babba a gaban jama'a sannan ya je shi kaɗai ya ce a yi haƙuri. Wannan ƙarin raini ne. Sai ya nemi wani babba ya kama ƙafarsa, babban ya shige gaba ya roƙa, mai laifi na durƙushe a baya bakinsa a rufe.

"To kai ka shige min gaba."

"Ni ubanki ne. Laifinki nawa ne. Ni ma a bayan zan zauna."

"Wa zan samu?"

"A lungun nan mutum ɗaya ne in ya yi sallama Hajiya ke gyara mayafi."

Rakiatu ta dubi takardunta goma sha biyu a kan tebur, da jan layukansu.

"Baba, shi ne fa ya kai ƙarar."

"Shi ne."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa da ta yi furfura, da hannunsa na hagu da ya koma kan cinya ya kwanta kamar ba nasa ba. Sannan ta ɗauki mayafi, ta bar takardun a inda suke. A bakin lungu ta sayi goro fari guda bakwai, aka naɗe mata a ganye.

Malam Awudu na zaune a inuwar masallaci bayan azahar, yana ɗinke bangon wani tsohon littafi da zare da basilla. Siriri ne shi ma, gilashinsa ɗaure da igiya. Ta yi sallama, ta cire takalmi, ta durƙusa, ta ajiye goron kusa da ƙafarsa. Ya dubi goron ta saman gilashi, ya dube ta.

"Ikon Allah. Boko ta zo da goro. Ni da aka ce min takardu za a kawo min, shafi goma sha biyu."

"Wa ya faɗa maka, Malam?"

"Mai shagon da ya buga miki, a bayana yake salla." Ya ja zare. "Na kuma ji abin da ya faru a gida. Har nan muryarki ta iso, ba a buƙaci lasifika ba."

"Ƙafarka na zo kamawa, Malam. Ka shige min gaba wajen Hajiya."

"Ni? Abokin shari'arki?"

"Kai."

Ya ajiye basillar. "Me ke cikin takardun?"

Ta ce, "Cewa malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kare najasa ba."

"Na karanta wannan tun ubanki bai fara koyon mota ba. Kin taɓa jin na ce najasa ne? Maganata ta buƙata ce. Ba a ajiye kare don ado, kamar yadda Turawa ke yi. Na tambaye ki aikinsa, kika dubi idona kika ce gadi."

"Ƙarya na yi."

"Na sani tun kafin ɓarawo ya sani. Karen da kaza ta kore shi daga inuwa. Don me kika yi?"

Ta buɗe baki za ta kawo hujja, ta ga babu ko ɗaya a kusa. Sai ta faɗi abin yadda yake. Ta faɗi wata takwas na kujera da bango. Ta faɗi yadda take dawowa daga makaranta ta tarar da kokon safe bai taɓa ba. Ta faɗi ranar farko da karen ya sa hancinsa a tafin hannun da ya mutu, ya yi ta turawa har Baba ya tashi don ya rabu da shi. Ta ce yanzu haka da take magana, ya koma kan kujerar.

Malam Awudu ya ajiye littafin a gefe.

"Wata uku ke nan Brimah na zuwa asuba da ƙafarsa," in ji shi. "Na ɗauka maganin asibiti ne. Me ya hana ki faɗa min wannan tun ranar farko?"

"Na ɗauka ba za ka saurara ba."

"Haka kuke, ku 'yan makaranta. Kun gama amsa mana kafin ku tambaye mu." Ya dubi ƙofar gidan. "Mu ma dai ba mu cika tambaya ba. Ɗaki huɗu ne tsakanina da Brimah."

Ya sunkuya ya kwance ganyen, ya ɗauki goro ɗaya, ya ɓare shi, ya jefa rabi a baki.

"Tashi. Ƙafar da aka kama ba ta harbi. Amma ki ji sharaɗi: daga sallama har fatiha, ba ki da baki. Ko an ce rana daga yamma take fitowa, ki ce da zuciyarki haka ne."

"Na ji, Malam."

"Ji ba wuya. Za mu gani."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya, waɗanda ba a gayyata ba sun cika zaure. Hajiya Lariya ta fito da farin mayafi, ta zauna a kan kujera ba ta dubi kowa ba. Kowa na jiran Malam ya zauna a inda ya saba, a kan buzu kusa da ita. Sai aka ga ya wuce buzun, ya cire takalmi, ya rage tsawo a gabanta. Rakiatu ta durƙusa a bayansa. Baba Brimah ya zauna a bayanta, a ƙasa, ya miƙe ƙafar hagu.

"Malam, tashi don Allah," in ji Hajiya. "Wannan ai sai ka sa ni zunubi."

"Ba ni ba ne a nan, Hajiya. Yarinya ce ta kama ƙafata. Ta yi magana irin ta wanda wuta ta kama wa zani. Ta ga ubanta zai koma inda ya fito, hankalinta ya tashi, ta watsa wa uwarta ƙasa a ido. Ba ta da hujja, ba ta zo da ita ba. Haƙuri muka zo nema."

"A gaban matar tela ta faɗa. A gaban yara."

"Shi ya sa muka zo a gabansu."

Hajiya ta kau da kai. Haka ake yi, ba a karɓa a roƙon farko. Malam ya sake, ya ambaci marigayiya uwar Rakiatu da zaman shekara talatin. Hajiya ta ce zuciya ba riga ba ce da za a wanke a shanya. Basiratu ta ce daga gefe ita ma fa shitonta na da haƙƙi, a sa shi a cikin roƙon. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Gwiwoyin Rakiatu suka fara zafi a kan siminti. Amsoshi uku suka taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

A roƙo na uku Hajiya ta yi ajiyar zuciya, ta miƙo hannu ta taɓa kafaɗar Rakiatu.

"Tashi, mai bakin reza. Uwarki ma haka take, Allah ya ji ƙanta. Na yafe."

"Amin, amin," in ji tsakar gida.

Malam Awudu ya koma kan buzunsa, ya gyara gilashi. "Saura maganar da ni na kawo. An ce mana karen gadi ne. Ba na gadi ba ne, yarinya ta amsa da bakinta. Ban canja abin da na sani ba: ba a ajiye kare sai da buƙata. Amma ga Brimah nan. Kun san yadda yake bara, kun ga yadda yake yau. Abin da ya tayar da mutum daga kujera ya kai shi sahu, ni Awudu ba zan ce ba buƙata ba ne. Sai dai kada ya shiga ɗaki, kada ya kusanci inda ake alwala, kwanonsa daban. A gyara masa rumfar gawayi ta baya. In Hajiya ta yarda. Gida nata ne."

Duk aka juya. Hajiya ta dubi baranda, inda Tsinke ya buɗe ido ɗaya jin an yi shiru.

"Wata huɗu yana cin tuwona," in ji ta. "Wanda ya ci tuwon gidan nan wata huɗu, ban san yadda ake korarsa ba. Ya zauna."

Rakiatu ta ji numfashin mahaifinta a bayanta, dogo, kamar wanda ya sauke buhu. Malam ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

"To, Ticha, an buɗe miki baki," in ji Hajiya. "Karanta mana abin da likitan naku ya ce, kada gobe a sake kiran mu masu guba."

Rakiatu ta warware takardar. "Farar shinkafa. Kaza ko kifi, dafaffe da ruwa zalla. Ba gishiri, ba yaji, ba mai, ba albasa ko kaɗan. Ba dafaffen ƙashi. Gwangwani biyu da safe, biyu da yamma."

"Ba gishiri ma?" in ji matar tela. "Laifin me ya yi?"

"Kuma ya ce haƙarƙarin nan ba yunwa ba ce. Haka irinsu suke, don gudu aka halicce su. Ya ce ma ƙiba ya yi. Sai ya rage kilo huɗu."

"Ya rage?" in ji Basiratu. "A ina zai samo su?"

Tsinke ya sauko daga katifa, ya yi miƙa doguwa, ya tako a hankali ya tsaya kusa da Baba Brimah, don lokacin fitar yamma ya yi. Hasken rana ya sauka a gefensa, ƙasusuwan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Lariya ta daɗe tana kallonsa, tana girgiza kai.

"Yoo," in ji ta. "Mun ji likita."

Sannan ta karkata wajen Basiratu, ta yi raɗa irin tata, wadda ake ji har zaure.

"Gobe ki dafa masa nasa daban. Ba albasa. Amma ki cika kwanon."

Rakiatu ta ɗago kai, ta ja numfashi. Kilo huɗu, ƙafafu, zuciya, duk suna kan harshenta a jere. Sai ta ga mahaifinta ya dafa bango ya miƙe da kansa, yana ɗaura igiyar a wuyan karen da hannun hagu, yatsun na rawa amma suna kamawa.

Ta ninke takardar gida huɗu. Gwangwani biyu na yamma, ta ƙudurta, za su koma ɗaya.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya," in ji ta.